Ramin Baba Tsaf

Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Tsaf ake ce masa tun kafin furfura ta fito masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mai gyaran batirin mota ne, sana'ar da kowa ya sani da baƙin hannu da riga mai huji-huji, amma shi in ka gan shi ya rufe shago da yamma sai ka rantse daga ofis ya taso. Kayan aikinsa a rataye suke jikin wani allo, kowanne da ƙusarsa, ya zana siffarsa da fenti a baya, ta yadda in sifana ɗaya ta yi yawo gurbinta ne zai kai ƙara. Batiran da suka warke suna dama, masu jiran magani suna hagu, matattu kuma suna can ƙurya a jere. Shara kuwa ba a magana. Matarsa ta sha cewa tsintsiyoyin da ya cinye a shagon nan, da dasa su aka yi da sun zama daji.

Shagon yana ƙarshen layi, a bakin wani fili da ya saya tun wurin yana ciyawa. Gaba shago, baya tsakar fili da katanga, a kusurwar can kuma wata bishiyar dogon yaro mai inuwa. Maƙwabcinsa na jikin katanga tela ne, abokin hirarsa kuma abokin musunsa.

A wurin wani ubangida ya koyi aikin, mutum mai hannu amma marar tausayin layi. In ruwan batir ya mutu, sai ya sa a kwarara shi a kwata, ya bi ƙofar gidajen mutane yana kumfa. Baba Tsaf yana saurayi ya ga abin da ruwan ke yi wa tafin ƙafar yara masu tsallake kwata ba takalmi, abin ya tsaya masa a rai. Da ya buɗe nasa shagon, ya tarar matar Tela na kiwon agwagi, kuma agwagin a kwatar ƙofarsa suke wuni, sai ya yi wa kansa alkawari ko ɗigo ba zai fita daga filinsa ba. Ya haƙa rami a kusurwar baya, zurfinsa har ƙirjinsa, ya yi masa murfin ƙarfe. Nan yake zuba mataccen ruwan batir da ruwan wanke-wanke, da tokar dalmar da yake narkawa, da duk sharar da tsintsiyarsa ta tara da yamma. Abin da ya ɓata, a gidansa ya ɓata, a gidansa zai kwana, haka yake faɗa.

Shekaru kafin a haifi autarsa ramin ya cika. Ya binne shi da ƙasa mai kauri, ya haƙa wani a gefensa, ya dasa gwaiba a kan tsohon. Gwaibar ta mutu. Ya dasa mangwaro, shi ma ya yi rawaya ya bushe. Baba Tsaf ya ce masu sayar da dashe ne ba su da amana. Sai dogon yaro, wanda ba ya jin wahala, shi ne ya daure ya kama. A ƙarƙashinsa Auta ta koyi rarrafe, don in uwarta ta kawo abincin rana can Baba Tsaf ke cewa a ajiye ta, nesa da batira, wurin da ya fi ko'ina tsabta.

Shekaru suka tafi. Batiran zamani suka zo a rufe ruf, ba a buɗe su balle a gyara, sai dai a sauya. Idonsa ya rage, bayansa ya fara ƙara in ya sunkuya. 'Ya'yansa maza kowa ya kama tasa hanya, babu wanda ya yi sha'awar warin asid. Ranar da ya rufe shagon gaba ɗaya, sai da ya binne rami na biyu, ya daddaɓe ƙasar, ya share ta, sannan ya sa kwaɗo. Amma bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana can da tsintsiya yana share filin da babu mai ɓata shi sai ganye.

Auta kuwa ta zama malamar ƙananan yara. Ta daɗe tana aiki a makarantun wasu, kuma burinta bai ɓoyu ga kowa a gidan ba: ta samu wurinta, inda matan da ke fita aiki za su bar 'ya'yansu hankali kwance. Wata safiya Baba Tsaf ya kira ta, ya ɗora mata makullin shagon a tafin hannu.

"Ba ni da gona, ba ni da gidan haya," ya ce. "Wannan shi ne abin da na tara. Ki je ki cika shi da hayaniya."

Auta ta yi kuka, ta yi godiya, kafin azahar kuma ta gama raba filin a kanta. Shago zai zama aji biyu. Gefen katanga famfo da banɗaki. Ƙarƙashin dogon yaro kuwa za a zuba yashi a kafa lilo, don nan ce inuwar da ta fi ko'ina sanyi. Baba Tsaf yana bin ta a baya yana gyaɗa kai, farin ciki ya cika shi har ya rasa abin gyarawa a maganarta, abin da bai saba ba.

Matsalar daga ofishin ba da izini ta fito. Da suka ji abin da aka yi a filin a da, suka ce ba za a zuba yara a wurin ba sai ma'aikatan muhalli sun gwada ƙasar.

"Su gwada me?" in ji Baba Tsaf. "Zazzaɓi gare ta? Ƙasa ai ƙasa ce."

"Baba, ƙa'ida ce. Duk inda aka yi aikin batir sai an duba."

"Su je su duba na masu zubawa a kwata. Nawa filin ko allura ce ta faɗi sai kin gan ta."

Matarsa tana tankaɗe a gefe ta ce, "To ai shi ke nan, Malam. Ka bar su su zo su ga allurar."

Ya ji haushi sosai, irin haushin mutumin da aka ce za a binciki aljihunsa. Duk da haka ranar da za su zo ya riga rana fita, ya share filin sau biyu, ya yayyafa ruwa, har gindin katanga ya bi da tsinke.

Mace ce ta jagorance su, matsakaiciya mai gilashi, da takalmin roba har gwiwa. Abokan aikinta biyu Injiniya suke kiranta, shi ma sai ya bi su. Ta gaishe shi da ladabi, ta zagaya filin tana tambaya: ina ake fasa batir, ina ake narka dalma, ina ruwa ke bi in an yi sama. Yana amsawa a gajarce, hannu a baya. Da ta tambayi inda yake kai mataccen ruwan batir, ya ɗaga haɓa ya ce, "Inda ya dace." Ta dube shi ta saman gilashi, ta ce za su dawo kan maganar.

Suka kafa ƙananan tutoci a wurare daban-daban. A gindin kowace tuta sai su murza wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, ya shiga ƙasa ya fito da ita. Injiniya ta ɗebi kaɗan da cokali ta zuba a kwalba, ta rufe, ta rubuta a jiki, ta jera a akwatin sanyi. Baba Tsaf ya ja kujera ya zauna da niyyar ya ga ƙazantarsu. Sai ya ga abin da bai zata ba. Kafin su matsa tuta ta gaba, sai sun wanke ƙarfen da buroshi da sabulu, sun ɗauraye shi da ruwan da suka zo da shi, Injiniya kuma ta cire safar hannunta ta sa sabuwa. Ruwan wankin ma ba a ƙasa suke zubarwa ba, a jarka suke tarawa.

Ya taso ya matso. "'Yata, wannan wankin fa, na mene ne?"

"Don kada ƙasar wancan rami ta ɓata ta wannan, Baba. In sun gauraya ba za mu san wadda ke da laifi ba."

"Jarkar kuma?"

"Da ita za mu tafi. Ba ma barin dattinmu a gidan mutane."

Nan take zuciyarsa ta narke. Shekara da shekaru yana neman wanda zai fahimce shi, ashe mace ce mai takalmin roba. Ya aika a kawo musu ruwan sanyi, ya shiga da ita shago ya nuna mata allon kayan aiki, ta yaba da gaske. Daɗin yabon ne ya kai shi ga abin da ya fi alfahari da shi a duk rayuwarsa.

"Ɗazu kin yi tambaya na ƙi amsawa," ya ce. "Zo ki gani da idonki."

Ya kai ta gindin dogon yaro, Auta na biye da su. Ya zana da'ira biyu a ƙasa da ƙafarsa, ya ba ta labarin ubangidansa da kwata, da agwagin matar Tela, da murfin ƙarfe. "Duk abin da shagon nan ya fitar tun ranar farko, yana nan ƙarƙashin ƙafarki. Ki tambayi layin nan kaf, ko kaza ban taɓa kashe wa kowa ba."

Yana jiran ta sake yabawa. Ita kuwa sai ta dubi ƙasar, ta dubi Auta.

"Malama, a ina kika ce za a sa wurin wasan yara?"

Auta ta nuna da'irar farko da ido kawai.

Suka ƙara wa ƙarfen tsawo suka murza a tsakiyar da'irar farko. Ƙasar sama ta fito ja, irin ta ko'ina. Can ƙasa sai ta fara fitowa toka-toka, da ɓarɓashin baƙar roba, da wani wari da Baba Tsaf ya fi kowa sani a duniya. Injiniya ta sa takunkumi, ta miƙa musu su ma. Da suka gama, suka shimfiɗa tamfol a kusurwar suka danne shi da duwatsu, suka roƙi Tela ya bar su su ɗebi ruwan rijiyarsa.

"Sai sakamako ya fito za mu san girman abin," ta ce. "Amma kafin nan, Baba, ina roƙon alfarma ɗaya. Kada a share filin nan. Dalma ba ta ruɓewa, a ƙura take tashi, kuma yara ta fi kamawa, don su komai baki suke kaiwa."

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Da safe ƙafarsa ta kai shi filin kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ganye na taruwa a kan tamfol, hannunsa na ƙaiƙayi. Daga nan ya wuce shagon Tela ya zauna a benci. Auta ba ta ce masa komai ba, gaisuwa ce kawai da kawo abinci, kuma shirun nata ya fi masa faɗa ciwo.

"Kai ma dai da baki," in ji Tela wata rana, yana taka keke. "Wa ya aike ka? Da ka yi shiru da sun ɗebi ta sama sun kama gabansu, yarinya ta buɗe makarantarta."

Gaskiya ita ce shi ma Baba Tsaf tunanin ya ziyarce shi, ba sau ɗaya ba, kuma kowane zuwa sai ya bar shi da kunya.

"Sannan in zauna a wannan bencin ina kallon 'ya'yan mutane suna tona wurin da cokali?" ya ce. "Ban sani ba na faɗa, Tela. Amma da na sani ma, ina fatan da na faɗa."

Injiniya da kanta ta kawo sakamakon, ta same su a tsakar gida su uku. Ba ta yi kwana-kwana ba. Cikin shagon akwai dalma a daɓe da bango, amma wadda za a iya kankarewa a sake sabon daɓe. Tsakar filin da sauƙi, za a kwashe ƙasar sama. Rijiyar Tela lafiya lau. Kusurwar baya kuwa ta wuce misali. Sai an haƙe ramukan biyu har ƙasa, an kwashe komai a motoci rufaffu zuwa inda aka tanada, an cike da sabuwar ƙasa, an sake gwaji.

"Bishiyar fa?" in ji Auta.

"Saiwarta a cikin ramin take. Ba za a iya haƙa a bar ta ba."

Matarsa ta sauke ajiyar zuciya. Baba Tsaf yana kallon tafin hannunsa. Can ya ɗago.

"'Yata, ki faɗa mini tsakani da Allah. Da a kwata na zuba kamar kowa, da filina ya tsira?"

"Da wataƙila ya fi haka sauƙi," ta ce. "Amma da yanzu abin yana ƙofar kowane gida a layin nan, ba mu san inda za mu fara haƙa ba. Ramin ba daidai ba ne, Baba, ba zan ce maka daidai ne ba. Sai dai ka tara shi wuri ɗaya, kuma ka nuna mana wurin. Shi ya sa zai kwasu."

Ta ba su shawara su je asibiti a duba jininsu, duk wanda ya daɗe a filin. Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya masa, don tun ranar da ƙasar toka ta fito yake ganin Auta tana rarrafe a gindin bishiyar. Bayan Injiniya ta tafi ya kasa haɗa ido da ita.

"Ni na ce a riƙa ajiye ki a can," ya ce. "Na ɗauka nan ne ya fi tsabta."

Auta ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kamar yadda take yi tana ƙarama. "Baba, ga ni nan, da ƙafata da hankalina. Shirun da na yi ba fushi ba ne. Tsoro nake ji kada ka ce ka fasa ba ni, don ka ga kyautar ta zo da ciwo."

Da aka duba, likita ya ce ita babu abin damuwa a yanzu. Shi ne dai aka ce ya riƙa dawowa ana bibiyarsa, matarsa kuma ta karɓi wannan aikin da hannu biyu, don ta samu abin da za ta riƙa yi masa faɗa a kai.

Aikin ya ci damina guda. Wasu iyayen da suka yi wa Auta alkawarin 'ya'yansu suka gaji da jira suka kai su wani wuri, wasu kuma da suka ji kalmar guba ba su sake waiwayowa ba. Ranar da aka sare dogon yaro Baba Tsaf bai shiga ba, daga bencin Tela ya ji faɗuwarsa, Tela kuma ya tsayar da keke. Masu haƙa suka zo cikin fararen kaya da takunkumi, suna fesa ruwa don kada ƙura ta tashi. Ya ga aikinsa na shekaru yana fita a bayan tifa, an lulluɓe shi da tamfol, yana bin layin da ya hana shi bi tun yana saurayi. Ya ji baƙin ciki, ya kuma ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, bai san wanne ya fi yawa ba.

Injiniya ta dawo da tutocinta da kwalabenta, ta sake murza ƙarfe a ko'ina. Wannan karon sakamakon ya fito da kyau, aka ba Auta izini.

Makarantar ta buɗe da yara 'yan kaɗan, ba su cika aji ɗaya ba. A kusurwar baya, inda inuwa take a da, an kafa rumfar kwano a kan sabon yashi, da lilo mai jan fenti, a gefe kuma wani ɗan dashen gwaiba da Baba Tsaf ya kewaye da waya. Auta ta ba shi aikin shara, don ta san ko ba ta ba shi ba zai ɗauka.

Da hantsi aka fito da yaran wasa. Yana tsaye da tsintsiya a bakin rumfar sai ya ga wata 'yar mitsitsiya, wadda tafiya ma ba ta gama zauna mata ba, ta rarrafa ta wuce yashin zuwa gindin dashen. Ta damƙi ƙasa cike da hannu ta kai baki. Ya yar da tsintsiyar, ya isa wurin da saurin da bayansa ya manta yana da shi, ya durƙusa ya buɗe ɗan hannun. Ƙasa ce ja, da danshin ruwan da ya ba gwaibar da safe. Ya murza ta a yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina. Yarinyar ta dube shi da baki duk jirwaye, ta yi masa dariya.

Auta ta taho a guje da tsumma. "Baba, lafiya? Me ta ci?"

Ya goge wa yarinyar baki da gefen farar rigarsa, ya bar jan tabon a jiki bai ko duba ba.

"Babu komai," ya ce. "Ƙasa ce kawai."